Mazaunin madubin hangen taurarina na rawa kamar mazari, in gyara ko in haƙura?

Gamzaki_84
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don abin ya fara fin ƙarfina.

Watan jiya na tsinci wani tsohon madubin hangen taurari a wajen masu kayan gwanjo, ƙirar Vixen ta Japan. Faɗin gilashinsa milimita 102, bututun ya kai mita ɗaya. Yana kan mazaunin da aka rubuta wa Super Polaris, mai ƙafafu uku na katako. Mai kayan ya ɗauka na safiyo ne, ni kuma ban gyara masa zance ba.

Gilashin garau yake, ramukan wata kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Mazaunin ne ya hana ni sakat. Da na kai hannu zan daidaita fokas sai Zuhal, duniyar nan mai zobe, ya kama tsalle, na ƙirga yakan yi daƙiƙa 7 zuwa 8 kafin ya natsu. Makunnin da ake murɗawa a bi tauraro kuwa sai na juya shi kusan rabin zagaye kafin bututun ya san ana yi. Cikin sanduna biyun da kan mazaunin ke juyawa a kansu, wato gatari, ɗaya ya ƙage kamar an zuba masa ƙaro, ɗayan ya yi lako-lako. Sannan da na sauke kan zuwa digiri 12, wato tsayin tauraron arewa daga ƙasa a nan Kano inda nake, sai dutsen sikelin, ƙarfen da ke daidaita nauyin bututun, ya riƙa dukan ƙafar gaba.

In gyara, ko in jingine kan in nemi wani?

Dan_Raha
Wa alaikumus salam. Zuhal ɗin ne dai ya ji ganga. Ka bar bawan Allah ya taka abinsa.

Tsohon_Safiyo
Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka kuskura ka kwance kan nan tukuna. Shekara 31 na yi ina saɓa ƙafa-uku a daji, kuma duk lokacin da awo ya ƙi zama, daga ƙasa nake fara bincike. Na'ura ba ta cika yin laifi ba, ƙafa ce.

Ga abin da za ka yi da rana tsaka. Ɗaure kulocin gatarin biyu tamau. Ka kama saman ƙafa-ukun da hannu biyu, ka murɗa shi hagu da dama kamar mai buɗe murfin tulu. Ka sa yaro ya tsuguna ya zuba ido a inda kowace ƙafa ta haɗu da kai. In ya ga ko da ɗan motsi ne, to ka kama ɓarawonka. Katakon nan an yanke shi ne a ƙasa mai laima, ya zo nan hunturu ya tsotse shi, ya motse, ramin ƙusa ya yi masa yawa. Ka sa wosha mai faɗi ciki da waje, ka ɗaure har sai ƙafar ta iya tsayawa a inda ka ɗaga ta ba ta faɗo da kanta ba.

Na biyu, kana zare ƙafafun har ƙarshe?

Gamzaki_84
Har ƙarshe Baba, don in ba haka ba sai na durƙusa kafin in leƙa.

Tsohon_Safiyo
To ka nemi kujera 'yar tsuguno. Kara mai tsawo da gajere wanne iska ta fi kaɗawa? Mai da su ciki, kada ka zare fiye da rabi.

Sabo_Dal
Ni dai ban ga abin wahala ba. Ƙarfen da ya haura shekara 35 me ya rage masa? Akwai mazauni ƙirar EQ5 sabo fil, har da wanda zai nemo maka tauraro da kansa. Kuɗin tana mai gyaran ƙarfe a injin da na kafinta da lokacin da za ka ɓata, ka tara ka yi oda kawai.

Malama_Fizis
@Sabo_Dal, shi EQ5 ɗin da kake yabo ai jikan wannan ne. Daga Super Polaris aka samu Great Polaris, daga shi kuma masana'antun Sin suka ɗauki fasalin EQ5 da CG-5. Wanda ya riƙe na asali ba zai yar ya sayi kwafi ba. A shekarun 1980 kamfanin Celestron na Amurka ma da kansa a kan wannan mazaunin yake sayar da wasu madubansa, lokacin da duniya ke rububin ganin tauraro mai wutsiya na Halley a 1986.

Malam Gamzaki, ni maganar rabin zagayen nan ce ta tsaya mini. Faifan giyar mazaunin nan haƙora 144 gare shi. Raba 360 da 144, ka ga kowane zagaye ɗaya na makunni digiri 2.5 ne a sama. Rabin zagaye ya zama digiri 1.25, wato faɗin wata biyu da rabi. Da a ce ratar haƙoran giya ce ta kai haka, da ka kama bututun da hannu za ka ji yana ƙwal-ƙwal kamar ƙofar da ta rasa sakata. Ina zargin makunnin ne ke zamewa a kan sandarsa. Duba jikinsa, akwai wata 'yar ƙusa da ke shiga ciki, ita kuma sandar an shafe mata gefe ɗaya. Dole 'yar ƙusar ta sauka daidai kan shafaffen gefen. Ka fara da wannan, kyauta ne.

Sabo_Dal
Malama na sallama a kan tarihi. Amma har yanzu sabo sabo ne.

Gamzaki_84
Malama, Allah ya ƙara basira! Yanzu na tashi na duba da tocilan waya. 'Yar ƙusar a kan zagayayyen gefe take, har ta yi wa sandar zane. Na mai da ita, wasan ya ragu sosai, sai dai bai ƙare ba. Saura kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye.

Tana_Kofar_Ruwa
Wannan ragowar ita ce ta giya, kuma wuri biyu take ɓuya. Mutane ɗaya suke sani.

Na farko, sandar mai zare da ke tura faifan tana iya zamewa gaba da baya a cikin gidanta. Kama bakinta ka ja ka tura. In ka ji tana motsi, akwai noti a ƙarshenta da zoben da ke kulle shi. Sassauta zoben, matsa notin kaɗan har motsin ya ɓace amma sandar na juyawa da yatsa biyu, sannan ka kulle. Sau da yawa nan kaɗai ya isa.

Na biyu shi ne nisan da ke tsakanin zaren da haƙoran. Gidan sandar na da ƙusoshi masu jawo shi da mai tokare shi. Da alanki ake yi, kuma kaɗan-kaɗan, kamar mai zuba gishiri a miya. Abin da zan ja maka kunne a kai: faifan nan ba ya taɓa zama da'ira cif. Akwai inda ya ɗan fi tudu. In ka matse a inda yake da kwari, da ka zagayo kan tudun sai ya cije. Saboda haka bayan kowane gyara ka murɗa har faifan ya yi cikakken zagaye, murɗi 144 ke nan, hannu zai gaji amma ka daure. A daidaita a wurin da ya fi tauri, a haƙura da ɗan wasan da ya rage a sauran wuraren. Giyar da babu rata ko kaɗan ba ta daɗewa.

Kuma gangar jikin alminiyon ce. In ka ɗaure ƙusa da ƙarfin ɗaure tayar mota zaren ramin zai tsinke, ka zo kana nemana.

Na_Sabon_Gari
A kan maganar ƙarfi, bari in ba ku nawa labarin ko wani ya tsira. Nawa ba irin wannan ba ne, ƙarami ne mai milimita 60, amma shi ma tsohon Japan ne. Gatarinsa ya ƙage, na kai wa wani bakanike a unguwarmu. Na je sallar la'asar na dawo na tarar ya sa guduma da kurfi. Ashe akwai 'yan ƙananan ƙusoshi uku a ɓoye a jikin zoben da ke riƙe gatarin, bai gan su ba, ya doke su suka yage zaren. Ya kuma wanke komai da fetur, lambobin da ke jikin faifan awo suka goge tas, sannan ya danƙara masa giris ɗin boris ɗin babbar mota. Har kuɗin aiki ya karɓa. Duk abin da ya ƙi kwancewa a jikin kayan nan, to akwai ƙusar da ba ka gani ba.

Dan_Raha
Inna lillahi. Kai ma da ka tafi sallah ai sai ka tafi da abinka masallaci.

Mai_Gyaran_Babur
Ƙarin bayani a kan ƙusoshin. Masu kan gicciye na kayan Japan na da, ba daidai suke da sukundireban da muke saye a kasuwa ba. Nasu ma'aunin JIS ne, wato na masana'antun Japan. Mu masu gyaran tsofaffin baburan Japan mun sha wuyarsa, kana murɗawa bakin na tsalle yana cinye kan ƙusar. Wasu za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen, alamar ke nan. In ba ka samu na JIS ba, ka ɗan goge tsinin naka da zarto don ya zauna sosai, ka danna da ƙarfi kafin ka murɗa. Kuma duk zaren jikinsa na milimita ne, kada wani ya cusa maka na inci.

Gamzaki_84
Na gode ƙwarai. To maganar giris fa? Na leƙa ta gefen gatarin da ya ƙage, abin da ke ciki ya zama ruwan ƙasa, yana danƙo kamar alewa.

Tana_Kofar_Ruwa
Kananzir da tsohon buroshin haƙori. Ka jiƙa, ka goge haƙori ɗaya-ɗaya, ka shanya a inuwa. Sabon giris na litiyam, mai laushi, shafa kaɗan kamar man kaɗanya a leɓe. Akwai wasu siraran wosha na roba a tsakanin sassan, ka jera su a kan farar takarda yadda ka ciro su, ka ɗauki hoto a kowane mataki. Ɗaya ya ɓata ko ya sauya wuri, gatarin zai dawo ko da tauri ko da wasa.

Dan_Damagaram
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni ban yarda da giris mai laushi ba. Nan Zinder a watan Afrilu zafi na wuce 40, na sa mai laushi ya narke ya bi jikin ƙafa, ƙura ta manne, ya koma kamar sanfefa. Mai ɗan kauri ya fi, kuma yana ɓoye wasan giya.

Tana_Kofar_Ruwa
Ɓoyewa ka ce ai, ba magani ba. Da sanyin Disamba ya sauko da asuba za ka ji shi. Narkewar da ka gani yawa ka zuba, ko kuma a rana kake barin kan.

Dan_Damagaram
A zaure yake kwana. Kowa dai ya yi da abin da ya gwada.

Malama_Fizis
Ku biyun akwai inda kuka haɗu ba ku lura ba: zafi da sanyi na sauya komai, har ƙarfen kansa. Kada a daidaita giya da azahar a tsakar gida, a daidaita ta da dare a yanayin da za a yi aiki da ita.

Kafin kananzir ya taɓa komai, Malam Gamzaki, a cikin gatarin da ke kallon arewa akwai ɗan ƙaramin madubi na saita tauraron arewa. Zare shi ka ajiye gefe. Kuma kada ka dogara da zanen da ke cikinsa ɗari bisa ɗari. A tsakiyar shekarun 1980 tauraron na nesa da ainihin cibiyar sama da kusan minti 48 na digiri, yanzu ya matso zuwa wajen 38. Zanen na zamaninsa ne.

Zongo_Kumasi
Ku kuna ma ganin tauraron arewan. Mu nan Kumasi bai kai digiri 7 daga ƙasa ba, rufin maƙwabci kaɗai ya isa ya rufe shi, ga gajimare. Tunda na fara wannan harka sau biyu na taɓa sa shi a ido.

Gamzaki_84
Mu ma da hazo ya sauko shi ke nan. Digiri 12 ɗin duk cikin ƙura yake.

Almajirin_Falaki
Abin da malamanmu ke kira Jadyu ke nan, da shi ake gane alƙibla a littattafan fiƙihu. Amma in ya ɓuya akwai hanyar da ta girme madubin. Ka rataya zare da ɗan dutse a inda kake kafa ƙafa-ukun. Daidai zawali, lokacin da inuwa ta gama raguwa za ta fara ƙaruwa, inuwar zaren na kwance ne a kan layin kudu da arewa sak. Ka ja layin da fenti a ƙasa, ka yi alamar inda kowace ƙafa za ta zauna. An gama, kullum sai dai ka ɗora. Yanzu da hunturu ne lokacin yinsa, don rana ta karkata kudu, inuwa na da tsawo. A ƙarshen Afrilu ko cikin Agusta rana na bi ta tsakar ka a Kano, inuwar ba ta da abin kamawa.

Malama_Fizis
Wannan ya yi, kuma ya fi kamfas ɗin waya, wanda ƙarfen mazaunin ke ruɗawa. Don kallo da ido ya wadatar. Mai son ɗaukar hoto ne zai ƙara da bin tauraro yana lura ko yana zamewa kudu ko arewa, yana gyarawa.

Umman_Khalil
Ku yi haƙuri in ɗan fita daga layi. Irin wannan madubin zai taimaka wajen ganin jinjirin watan azumi? Maigidana ke tambaya.

Almajirin_Falaki
Yana taimakawa Hajiya, musamman in mazaunin a saite yake, don za a iya auna inda jinjirin zai fito a jira shi. Sai dai a bari rana ta faɗi gaba ɗaya. Wanda ya haɗa ido da rana ta cikin gilashin nan, ko na ƙiftawa ne, idon ya tafi. Hukuncin ganin kuwa na kwamitin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne, ba namu ba.

Mai_Zaure
Jama'a a dawo kan mazauni. Maganar wata a buɗe mata nata zaren. Har yanzu ba wanda ya amsa masa batun dutsen sikeli da ke dukan ƙafa.

Lemo_C8
Wannan ciwon duk wanda ke kusa da tsakiyar duniya ya san shi. Tokyo na wajen digiri 35, haka yawancin Amurka da Turai daga 30 zuwa 55 suke. Can gatarin na ɗage sama, dutsen na rataye nesa da ƙafa. Mu nan gatarin kusan a kwance yake. Ba laifin maƙeran ba ne, ba don mu suka auna ba.

Nawa Celestron C8 ne mai ruwan lemo, irin wanda suka fara fitarwa a 1970. Shi a kan cokali mai yatsu biyu yake zaune. Da na kwantar da shi zuwa digirin Kaduna, 10 da rabi, duk nauyin sai ya leƙa waje ɗaya kamar mai shirin faɗawa rijiya. Sai da na ɗaura buhun yashi a ƙafar baya.

Ga wani abin da ya ci mini wata biyu. Motarsa da wutar Amurka take aiki, bolt 110, kuma da bugun wutar take ƙirga lokaci, 60 a daƙiƙa. Na sa taransifoma na sauke 230 zuwa 110 na zaci an gama. Ashe taransifoma ba ta taɓa bugu, namu 50 ne. Motar na tafiya kashi 5 cikin 6. Sama na juya digiri 15 a awa, ni ina yin 12.5, kowace awa an bar ni a baya da faɗin wata biyar. Na kwance giya sau uku ina neman laifin da babu. Ƙaramar inbata mai fitar da 110 da bugu 60 daga batirin mota ita ta raba gardama.

Dan_Damagaram
Mu ma kuran ɗinmu 50 ne. Amma na Gamzaki ai babu mota.

Lemo_C8
Babu, kuma in ya samu ta Vixen da batir take aiki, wannan bai shafe shi ba. Na faɗa ne don masu tsofaffin kayan Amurka.

Tsohon_Safiyo
Mafita biyu ce ga dutsen. Ko a juya kan yadda dutsen zai faɗa tsakanin ƙafa biyu, ko a ɗaga kan sama da guntun fayif. Ni na fi son ta farko don ba ta ƙara tsawo.

Tana_Kofar_Ruwa
Baba, a gafarce ni, a nan zan saɓa maka. Akwai ɗan ƙahon da ke saman ƙafa-ukun wanda ƙusoshin juya kai hagu da dama ke tokara, sai an huda sabon rami an mai da shi. Wannan mai sauƙi ne. Amma da dutsen ya koma tsakanin ƙafa biyu, babu abin da ya tare nauyin ta arewa. Yaro ya jingina, ko babbar riga ta kama sandar, sai dai salati. Gara fayif mai kauri, faɗin inci 4, tsawon santimita 15 zuwa 20, a yi masa faranti sama da ƙasa a gyare su a injin su kwanta daidai. Walda kaɗai ba ta isa ba, tana jan ƙarfe ya karkace. Ga wata riba: bututun mita ɗaya in ya kalli tsakar sama gindinsa na dukan ƙafa, fayif ɗin zai raba su. Kuma zai mai da ƙafafun ciki kamar yadda ka ce ba tare da ya kwanta a ƙasa ba.

Tsohon_Safiyo
Ka yi gaskiya a kan babbar riga, ta taɓa kayar mini da na'ura a gaban baƙi. Amma farantin ƙasa ya zama mai kauri, kada ka yi masa rowar ƙarfe.

Kafinta_Bichi
In ƙafafun sun tsage ko gara ta taɓa su, a yi sababbi da maɗaci busasshe. Ƙirya ta fi ƙarfi amma nauyinta sai ka daina fito da madubin. Kada ka yarda a ce maka fayif ɗin alminiyon siriri ya fi, katako na shanye girgiza, shi kuwa ƙara yake kamar ƙararrawa. Kuma wannan tiren da ke tsakanin ƙafafu ba na ajiye kaya ba ne kawai, shi ke ɗaure ukun su zama abu ɗaya. In babu, a yanka filawud mai kauri mai kusurwa uku a ɗaure da noti mai kunne.

Sabo_Dal
Ko kuma ka sa kafinta ya yi maka akwatin Dobson ka huta da duk wannan lissafin.

Malama_Fizis
Akwatin da John Dobson ya yaɗa a San Francisco na madubi mai faifai ne a gindi, wanda ake leƙawa ta sama. Wannan ta gindi ake leƙa shi. Ka sa shi a akwati a ƙasa, sai ka haƙa rami ka shiga kafin ka ga Mushtari.

Dan_Raha
Sabo_Dal yau ba ranarka ba ce.

Na_Sabon_Gari
Ni jarkar ruwa nake ratayawa a tsakiya, tana taimakawa.

Tsohon_Safiyo
In tana lilo ta zama wata matsalar. Bari gindinta ya ɗan taɓa ƙasa, ko ka ɗora ta a kan tiren.

Lemo_C8
A ina ma kake kafawa? In a saman dakin ne, duk wanda ya taka a gidan sai ka gani a ido. Tayal ma santsi gare shi, ƙafafu na buɗewa a hankali. Ƙasa tsura ta fi. In dole sai kan siminti, yanka tsohon silifas mai kauri ka sa a ƙarƙashin kowace ƙafa. Akwai faifan roba na musamman da ake sayarwa don haka, amma silifas ma na rage wani abu. Wanda ke gidan kansa kuwa ya haƙa rami ya dasa fayif mai inci 6, ya cika shi da kankare, kada ya bari ya haɗu da daɓen gida. Daga ranar an gama maganar ƙafa.

Gamzaki_84
Gidan haya nake, mai gidan ko ƙusa ba ya so a buga. Zan dawo muku da labari in sha Allah.

Gamzaki_84
Salam. Mako biyu ke nan, ga inda aka kwana.

Maganar Baba ta fito. Ƙafa biyu cikin uku suna motsi a wuyansu, ɗaya ma ramin ya zama kamar ƙwai. Na cike shi da guntun katako da gam, na sake hudawa, na sa wosha. Na mai da ƙafafun rabi, na yi tiren filawud. Kafin in taɓa giya ko ɗaya, rawar ta sauko daga daƙiƙa 8 zuwa 3 da ɗan wani abu.

Na kwance gatarin biyu a kan tabarma, ƙofa a rufe saboda yara. Giris ɗin ciki sai da ya kwana a kananzir. Ɓoyayyun ƙusoshin da Na_Sabon_Gari ya faɗa na same su, Allah ya saka. Murɗi 144 kuwa na yi shi sau huɗu, har yatsana ya yi kanta, kuma lallai akwai wurin da ke cijewa. A nan na daidaita. Wani tana ya yi mini fayif mai santimita 18, dutse ya daina dukan ƙafa.

Abin da ban zata ba: doguwar wutsiyar nan mai lanƙwasa da ake murɗawa, ita kanta tana kaɗawa bayan na sake ta. Na cire na sa gajeren makunni. Yanzu in na ƙwanƙwasa bututun ina kallo a ninkin girma 100, bai fi daƙiƙa 2 ba ya tsaya. Jiya na ga 'ya'yan Mushtari huɗu a jere da ratsi biyu a jikinsa, har maƙwabcina ya ce hoto na manna a ciki.

Saura abu ɗaya. In bututun na gabas komai lafiya, da na juya shi ɗaya ɓangaren sai tauraro ya riƙa ɗan zillo, ya tsaya ya zabura.

Malama_Fizis
Madalla! Wannan sikeli ne. In ka daidaita nauyi cif-cif, haƙorin na shawagi a cikin 'yar ratar da ka bari. Ka sa ɓangaren da ke gabas ya ɗan fi nauyi kaɗan, ko bututun ne a can ko dutsen, don giya ta riƙa tura kaya tana hawa da shi. Da ka juya ɓangare sai ka matsar da dutsen kamar faɗin yatsa.

Tana_Kofar_Ruwa
Ko kuma tudun faifan ne ya koma can. Gwada na Malama tukuna, in bai bari ba sassauta mai tokarewar da ƙyas.

Dan_Damagaram
Wane giris ka sa a ƙarshe?

Gamzaki_84
Mai laushi. In Afrilu ta zo zan faɗa maka gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba.

Zongo_Kumasi
Malam Tana, fayif ɗin nan a digiri 7 santimita 18 zai isa, ko sai na ƙara? Sandar dutsena ta ɗan fi ta Gamzaki tsawo.

Tana_Kofar_Ruwa
Sauke kan zuwa 7 ɗin, ka cire dutsen, ka auna daga bakin sandar zuwa ƙafa ka turo mini hoto da tef a jiki.